Allurar da Babu Magani a Cikinta: Me Akufanca Take Yi wa Ciwo?

A shekarar 2007 aka fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a Jamus, wanda har yau masu yabon akufanca da masu kushe ta duk da shi suke kafa hujja. An tara mutum 1,162 da ciwon baya ya addaba, akasarinsu shekara da shekaru suna fama, aka raba su gida uku ta hanyar ƙuri'a. Gida na farko aka yi musu akufanca yadda masu ita suka ce a yi ta, wato a soka siraran allurai a gurabe sanannu, a zurfin da aka ƙayyade. Gida na biyu aka yi musu ta bogi ba tare da sun sani ba: a ɗan caki fata sama-sama, a wuraren da ba sa cikin taswirar masu sana'ar. Gida na uku aka bar su da abin da asibiti ya saba bayarwa, ƙwayoyin rage raɗaɗi da gashin ƙashi da motsa jiki. Bayan wata 6 aka ƙirga waɗanda suka sami sauƙi na a zo a gani. Cikin masu allurar gaske an sami kashi 47.6 cikin 100. Cikin masu ta bogi, kashi 44.2. Cikin masu maganin asibiti, kashi 27.4 kacal.

Mai yabo sai ya ɗauki lamba ta farko da ta uku, ya ce kun gani, allura ta kusa ninka maganin asibiti. Mai kushe kuma ya ɗauki ta farko da ta biyu, ya ce ai ko'ina aka caka duk ɗaya ne, saboda haka ilimin gurabe da ake shafe shekaru ana koyo ba shi da tushe. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Hukumomin Jamus dai sun duba wannan gwaji da takwaransa da aka yi a kan ciwon gwiwa, wanda sakamakonsa ya zo kusan iri ɗaya, daga 2007 inshorar lafiya ta gwamnati ta fara biyan kuɗin akufanca ga masu daɗaɗɗen ciwon baya da na gwiwa. Duk wanda yake son ya san matsayin wannan hanyar jinya, tilas ya riƙe lambobin nan uku gaba ɗaya, kada ya zaɓi biyun da suka yi masa daɗi.

Ga wanda bai taɓa gani ba, allurar akufanca ba irin ta asibiti ba ce. Ba ta da rami, ba a zuba komai a jiki da ita. Siririn ƙarfe ne wanda kaurinsa yakan kai rubu'in milimita, yana lanƙwasa idan aka taɓa shi, kowace tana zuwa a cikin wani ɗan bututun roba da ta ɗan fi shi tsawo. Mai aikin yakan goge wurin, ya ɗora bakin bututun a kan fata, ya ɗan doki kan allurar da yatsa, sai ta shige kafin mutum ya ankara. Ya zare bututun, ya ƙara tura ta, ya murza ta hagu da dama tsakanin babban yatsa da manuni, yana tambayar marar lafiya ko ya ji wani abu. Abin da yake jira a ce masa shi ne an ji nauyi, ko tsami, ko wani irin yarr da ke bin gaɓar. Sinawa suna ɗaukar wannan alama ce ta cewa allura ta kama. Akan saka daga biyar zuwa ashirin, a bar mutum kwance minti 20 zuwa 30, wani lokaci a maƙala wa alluran waya a riƙa sakar musu ɗan lantarki mai rauni. Mai ciwon baya zai iya ganin allura a bayan gwiwarsa ko a idon sawunsa, mai ciwon kai kuma a tsakanin babban yatsan hannu da manuni.

Dalilin wannan nisa tsakanin inda ke ciwo da inda ake sokawa yana cikin tsohuwar fahimtar Sinawa game da jiki. A wurinsu akwai wani ƙarfin rai da suke kira ci, wanda ke gudana a jiki ta wasu hanyoyi, manya 12 da wasu 2 da ke bin tsakiyar gaba da baya. Idan gudanar ta toshe sai ciwo ya zo, allura kuma ita ke buɗe ta. Littafin da ya fara tsara wannan bayani, Huangdi Neijing, an haɗa shi ne wajen ƙarni na 2 zuwa na 1 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Rubuce-rubucen da aka tono a kaburburan Mawangdui, waɗanda aka rufe a shekara ta 168 kafin haihuwarsa, sun ambaci hanyoyi 11 da gasa jiki da wuta, amma ba su ambaci allura ba. Wannan gashin har yau yana tafiya tare da akufanca: ana ƙona busasshen ganyen wani tsiro ɗan uwan tazargade a kusa da fata. A 1027 wani likitan fada mai suna Wang Weiyi ya sa aka ƙera mutum-mutumin tagulla mai hujoji a gurabe domin koyarwa, ana ma ba da labarin cewa akan shafe shi da kakin zuma a cika shi da ruwa, ɗalibin da ya soka daidai sai ruwa ya ɗigo. A yau jerin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daidaita sunayensa yana da gurabe 361.

Masu talla sukan ce abu ne da Sinawa suka riƙe ba yankewa tun fil azal. Ba haka tarihin yake ba. A 1822 Sarki Daoguang ya hana koyar da ita a makarantar likitocin fada. A 1929 an kai ga gabatar da ƙudurin soke maganin gargajiya ɗungurungum, sai da masu sana'ar suka yi ca aka janye. Gwamnatin Mao Zedong ce ta farfaɗo da ita a shekarun 1950, a lokacin da ƙasar take da ɗaruruwan miliyoyin talakawa da likitocin zamani 'yan kaɗan, kuma allura ba ta da tsada. Yawancin abin da ake koyarwa yanzu an sake tsara shi ne a wancan zamanin.

Turawa sun san da ita tun 1683, lokacin da wani likita ɗan Holan, Willem ten Rhijne, ya rubuta abin da ya gani a Japan. Amma abin da ya buɗe mata kasuwa a Amurka rashin lafiyar wani ɗan jarida ne. A watan Yulin 1971 James Reston na jaridar New York Times yana Beijin sai afendis ta kama shi, aka yi masa tiyata. An kashe masa wurin da allurar asibiti irin wadda aka sani. Sai bayan aikin, da ciki ya kumbura yana damunsa, aka soka masa allurai uku a gwiwar hannu da ƙasan gwiwoyin ƙafa, ya ce ya ji sauƙi, ya kuma rubuta labarin a jaridarsa. Kafin ka ce kwabo labari ya sauya a bakin mutane, ya koma wai an farke cikin Ba'amurke da akufanca kaɗai ba tare da kashe zafi ba. Da Shugaba Nixon ya ziyarci Sin a Fabrairun 1972, 'yan jarida da likitocin Amurka suka yi ta kai-komo, aka riƙa nuna musu tiyatar da ake cewa da allura kawai ake yi. Daga baya ya bayyana cewa akan zaɓo marasa lafiyar ne a tsanake, kuma da yawansu an ba su magungunan kashe zafi da na kwantar da hankali a gefe.

To hanyoyin nan 14, akwai su? Masu ilimin sassan jiki sun feɗe gawa, sun duba da madubin ƙara girma, sun ɗauki hoto da na'urori iri-iri, ba a ga wata hanya da ta bambanta da jijiyoyin jini da na saƙo da aka riga aka sani ba, ba a kuma auna ci da wata na'ura ba. Sai dai rashin ingancin bayani ba ya nufin aikin ba ya yin komai. Allurar da ta ratsa fata ta shiga tsoka tabbas tana tayar da jijiyoyi, tambayar ita ce me wannan yake yi wa ciwo.

Bayani na farko ya fito daga Ronald Melzack da Patrick Wall a 1965. Sun nuna cewa saƙon zafi ba kai tsaye yake zarcewa ƙwaƙwalwa ba, sai ya bi ta wata mashiga a cikin laka, kuma saƙon taɓawa ko matsa yana iya rage abin da ke wucewa. Shi ya sa wanda ya yi tuntuɓe yake kai hannu ya murza wurin tun kafin ya yi tunani. Bayani na biyu ya fi wannan jan hankali. A farkon shekarun 1970 Han Jisheng a Beijin ya yi wa zomaye akufanca, ya ɗebi ruwan ƙwaƙwalwarsu ya zuba wa wasu zomayen da ba a taɓa ba, sai su ma suka ƙara jure zafi. Wato akwai wani sinadari da jiki ya saki. A 1975 John Hughes da Hans Kosterlitz a Aberdeen suka gano cewa jiki yana ƙera nasa sinadaran masu aiki irin na mofin, wato maganin kashe zafi mai ƙarfi, dangin da aka fi sani da endofin. Ba a jima ba Bruce Pomeranz a Toronto ya nuna cewa idan aka ba ɓeraye naloksun, maganin da ke toshe aikin mofin, sauƙin da akufanca ke kawowa yakan ɓace, aka kuma ga irin haka a jikin mutane a 1977. A 2010 ɗakin binciken Maiken Nedergaard a Rochester ya ƙara da cewa murza allura a ƙafar ɓera yana sa naman wurin ya saki adenosin, wani sinadari mai dusashe zafi a daidai inda aka soka.

Duk wannan gaskiya ne, amma akwai abubuwa biyu da masu talla ba sa faɗa. Na ɗaya, zomo da ɓera ba sa fama da ciwon bayan shekara takwas, abin da ake aunawa a jikinsu jure zafi ne na mintoci. Na biyu kuma ya fi muhimmanci: a 1978 an nuna cewa sauƙin da mutum ke samu daga maganin bogi, idan ya yarda na gaske ne, shi ma naloksun yana rage shi. Ashe tsammanin samun sauƙi kaɗai yana sa jiki ya saki endofin. Saboda haka ganin endofin bai raba gardama ba, domin ba ya nuna ko allurar ce ta jawo shi ko kuwa zuciyar mai ciwon.

A nan gizo yake saƙa. Gwada ƙwayar magani abu ne mai sauƙi, a ba wasu ta gaske a ba wasu ta gari mai kama da ita, likita bai san wace ce ba, marar lafiya bai sani ba. Allura fa? A 1998 wani likitan Jamus, Konrad Streitberger, ya ƙera allura mai dakusasshen baki, wadda idan aka danna ta sai ta koma cikin mariƙinta maimakon ta shiga jiki. Mutum yana jin tsini, yana ganin ta gajarce, ga ta tsaye an riƙe ta da filasta, amma ko fata ba ta huda ba. A Amurka kuwa, Daniel Cherkin da abokan aikinsa sun yi abin da ya fi wannan ban dariya. A gwajin da suka wallafa a 2009 a kan mutum 638 masu ciwon baya, an kwantar da wasu rub-da-ciki an rufe musu ido, aka saka tsinken sakace a cikin bututun allura, a ɗora a baya, a ɗan doka, a murza, bayan wasu mintoci a sake taɓawa kamar ana zarewa. Masu tsinken sakace sun sami sauƙi daidai da waɗanda ƙwararre ya zaɓa wa gurabe na musamman bayan ya duba harshensu da bugun jininsu. Dukkansu kuma sun fi waɗanda aka bari da jinyar da aka saba.

Masu akufanca suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Sun ce tsinken da ya danna fata shi ma yana tayar da jijiya, don haka bogin nan ba fanko ba ne, akufanca ce mai rauni ake gwadawa da mai ƙarfi. Ana iya karɓar wannan, amma wanda ya karɓa ya yarda ke nan cewa gurbi da zurfi da hanyoyin ci ba su ne ke aikin ba.

Bincike mafi girma da ya tattara gwaje-gwajen wuri ɗaya shi ne na Andrew Vickers, masanin ƙididdiga a wata cibiyar ciwon daji a New York. Shi da abokansa ba su tsaya ga taƙaitaccen sakamako ba, sun karɓo bayanan kowane marar lafiya ɗaya bayan ɗaya. A 2012 sun haɗa gwaji 29 na mutum 17,922, a 2018 suka kai shi gwaji 39 na mutum 20,827, a kan ciwon baya da wuya, ciwon kafaɗa, zaizayewar gaɓɓai da daɗaɗɗen ciwon kai. Sun sami cewa ta gaske ta fi ta bogi, amma da ɗan kaɗan, ta kuma fi rashin yi da tazara mai kyau. Misalin da suka bayar a 2012 shi ne, idan ana neman waɗanda zafinsu ya ragu da rabi, za a sami kusan 30 cikin 100 a waɗanda ba a yi wa ba, 42.5 a masu ta bogi, 50 a masu ta gaske. Sun kuma ga cewa sauƙin bai ragu sosai ba bayan shekara guda. Masu suka irin su David Colquhoun da Steven Novella, waɗanda a 2013 suka kira ta maganin bogi mai wasan kwaikwayo, sun ce wannan 'yar tazarar ba ta kai marar lafiya ya ji ta a jikinsa ba, kuma tana iya fitowa daga mai soka allurar, tunda shi ya san wadda yake yi, fuskarsa da muryarsa na iya tona asiri.

Me ke cikin wannan babban kaso da bogi yake kawowa? Wani ɓangare ba aikin kowa ba ne. Ciwon baya yana tashi yana lafawa, mutum kuwa yakan nemi sabon magani ne a ranar da abin ya fi tsanani, don haka duk abin da ya yi a ranar shi zai ci yabon sauƙin da dama yana tafe. Wani ɓangaren kuma kulawa ce. Ted Kaptchuk na jami'ar Harvard ya gwada wannan a 2008 da mutum 262 masu ciwon hanjin nan mai murɗa da kumburin ciki. Wasu an ce su jira. Wasu an yi musu allurar bogi, mai aikin bai tsaya hira ba. Wasu an yi musu bogin dai, amma mai aikin ya zauna da su minti 45 a zuwan farko, ya saurare su, ya nuna damuwa, ya ƙarfafa musu gwiwa. Waɗanda suka ce sun sami isasshen sauƙi: kashi 28 a gida na farko, kashi 44 a na biyu, kashi 62 a na uku. Ko allura ɗaya ba ta shiga jikin kowa ba. Wanda ya taɓa yin layi tun asuba ya ga likita na minti uku zai gane abin da wannan sakamako yake faɗa.

A gwajin Jamus ma akwai irin wannan. Waɗanda ƙuri'a ta jefa gida na uku sun shiga ne da fatan samun sabon abu, sai aka mayar da su kan ƙwayoyin da suka sha suka gaji. Ɓacin rai kaɗai na iya rage lambarsu.

Akwai kuma batun inda binciken ya fito. Vickers ɗin nan da abokansa sun duba a 1998, suka tarar duk gwajin akufanca da suka samu daga Sin da Japan da Hong Kong da Taiwan cewa yake yi ta yi aiki, babu ko ɗaya da ya ce a'a. Babu maganin da ke cin kowace jarrabawa a duniya. Idan aka ga haka, to waɗanda suka faɗi ne ba a buga ba. Don haka idan aka ce maka bincike dubu ya tabbatar, ka tambayi a ina aka yi shi, da me kuma aka gwada ta.

Hukumomin lafiya su ma ba su zama baki ɗaya ba. Hukumar NICE da ke tsara jinya a Ingila ta amince da ita ga ciwon baya a 2009, ta janye a 2016 saboda ba ta fi bogi ba yadda ya kamata, sannan a 2021 ta ce ana iya gwada zagaye ɗaya ga masu daɗaɗɗen ciwon da ba a gano wata cuta a ƙarƙashinsa ba. Ga ciwon gwiwa ba ta amince ba, alhali Jamus tana biya. Inda hujjar ta fi ƙarfi shi ne ciwon kai. Nazarin da ƙungiyar Cochrane mai tattara sakamakon gwaje-gwajen lafiya ta yi a 2016 a kan ciwon ɓarin kai, wanda ya haɗa gwaji 22, ya nuna yawan tashin ciwon ya ragu da rabi ga kashi 41 na waɗanda aka yi wa, a kan kashi 17 na waɗanda ba a yi wa ba. Da aka gwada da bogi kuwa, 50 ne da 41. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ƙiyasta mutum miliyan 619 na fama da ciwon baya a 2020, ta saka jinya da allura cikin abubuwan da za a iya bayarwa a ƙa'idojinta na 2023, tare da faɗin cewa hujjar ba ta da ƙarfi sosai.

A ganina, abin da ya sa wasu ƙasashe suka buɗe mata ƙofa duk da wannan rauni shi ne sun ga illar abin da ke ɗaya hannun. Tun daga tsakiyar shekarun 1990 likitocin Amurka suka riƙa rubuta ƙwayoyi dangin mofin ga masu ciwon baya, jama'a suka kamu, har a 2021 waɗanda shan ƙwaya fiye da kima ya kashe suka haura dubu 100, akasarinsu ta wannan dangi. A 2017 ƙungiyar likitocin cikin jiki ta ƙasar ta ce a fara jinyar ciwon baya da abin da ba ƙwaya ba, ta lissafa motsa jiki da tausa da ɗumama wuri da akufanca. A Janairun 2020 inshorar tsofaffi ta Medicare ta fara biyan kuɗin zaman akufanca 12 cikin kwana 90, da ƙarin 8 idan an ga ci gaba.

Wannan lissafin ba baƙo ba ne a wurinmu. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 suna shan irin su tiramol ba bisa umarnin likita ba, kuma a watan Mayun shekarar aka hana maganin tari mai kodin. Ba kowa ne ya fara don maye ba, akwai lebura da ɗan dako da mai tura baro da suka fara don jiki ya bar su su fita aiki gobe. Ga kuma diklofenak da ibufurofen da ake saya a kemis ana sha kullum, waɗanda idan aka daɗe a kansu suke jawo gyambon ciki da zubar jini da lalacewar ƙoda. Idan da wannan za a auna, abin da zai rage wa mutum zafi ko da kaɗan ba tare da ya taɓa ƙodarsa ba ya cancanci a duba shi, ko da rabin aikinsa kulawa ce da tsammani. Akufancar ma ta daɗe da isowa nahiyar nan ta hannun tawagogin likitocin Sin, waɗanda suka fara da Aljeriya a 1963. Nijar tana karɓar tata daga lardin Guangxi tun 1976, kuma akan sami mai allura a cikin irin waɗannan tawagogi.

Haɗarinta kaɗan ne a hannun wanda ya iya, amma akwai shi. A wani nazari a Jamus da ya bi mutum 229,230, kashi 8.6 sun ga wata 'yar matsala, mafi yawa ɗigon jini ko taruwarsa a ƙarƙashin fata, wasu jiri. Mutum biyu allura ta huda musu huhu. Wannan shi ne abin tsoro idan ana soka ƙirji ko saman baya ko gindin wuya, musamman ga siririn mutum, kuma duk wanda ya ji numfashi na yi masa wuya ko ƙirji na suka bayan an yi masa, asibiti zai nufa a take. Lambobin nan fa na likitoci ne masu horo da ke amfani da sabuwar allura. Inda ake maimaita allura, an sha samun yaɗuwar ciwon hanta nau'in B. Mu da muka san wanzami da ƙaho da aska ɗaya ga mutum goma ba ma buƙatar dogon bayani a nan: a buɗe allurar daga ledarta a gabanka, a jefar da ita a gabanka. Mai shan maganin tsinka jini, mai juna biyu, da mai na'urar daidaita bugun zuciya, wanda lantarkin allura zai iya rikita ta, su faɗa tun kafin su kwanta.

Haɗarin da ya fi waɗannan girma shi ne ɓata lokaci. Zafi saƙo ne, wani lokaci na abin da ba ya jira. Ciwon bayan da ya zo da zazzaɓi da gumin dare da rama na iya zama tarin fuka da ya kama ƙashin baya, kuma muna da shi. Wanda ya zo da mutuwar ƙafa ko kasa riƙe fitsari na gaggawa ne. Ciwon kai da zazzaɓi da sandarewar wuya sanƙarau ake fara zargi. Rikicin sikila, ciwon ƙirji, ƙullutun da ke girma, duk ba na allura ba ne. Haka nan duk mai allurar da ya ce zai warkar da ciwon suga ko hawan jini ko rashin haihuwa ko daji, ko ya ce a ajiye maganin asibiti, ya wuce inda hujja ta tsaya.

Wanda likita ya riga ya duba, aka tabbatar ciwonsa irin na baya ko wuya ko gwiwa ko kai ne da ya daɗe ba tare da wata muguwar cuta a ƙasa ba, yana iya gwadawa, a kan motsa jikin da aka ba shi, ba a madadinsa ba. Sai dai ya shiga da ma'auni da wa'adi, domin zama ɗaya ba ya isa, kuɗi da na mota kuwa suna taruwa. Ma'aunin ya zama abin da zai iya ƙirgawa: kwana nawa a wata kai ya sara, ƙwaya nawa ya sha a mako, yana iya ruku'u da sujada ba tare da kujera ba, yana iya takawa zuwa kasuwa. Ya rubuta kafin ya fara. Wa'adin kuma hukumomin da ke biya sun riga sun nuna shi: NICE ta ce har zama 10 cikin mako 5 zuwa 8 ga masu ciwon kai, Medicare kuma ta shar'anta a dakatar idan ba a ga ci gaba ba. Idan an kai nan lambobin da ya rubuta ba su motsa ba, ya tsaya, ko da mai allurar ya ce saura kaɗan hanya ta buɗe.